Igiya da Tsummoki: Amsa ga Malamin da Ke Gadarif

*Mama, barka da aiki. Ni Kirista ne, haifaffen kudancin Kaduna. Na zo Sudan a 2012 koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Umdurman, na auri 'yar Nuba, Allah ya ba mu yara uku. Lokacin zaman dirshan na 2019 a ƙofar hedikwatar soja, duk da ni baƙo ne, kullum in na tashi daga makaranta sai na kai ruwa da burodi. Ranar da Bashir ya faɗi na yi kuka, na ce Allah ya amsa addu'ar masu bi. Abin da ya biyo baya kin san shi. Da yaƙi ya ɓarke aka kwashe 'yan Najeriya, ban bi ba, domin matata da yaran ba su da takardu. Muka gudu Madani, Madani ta faɗi, muka sake gudu zuwa Gadarif. Yanzu muna haya a unguwar Hausawa, a gidan wata Hajiya wadda ita ma rikicin 2022 ne ya koro ta daga Rusairis. Tana dafa wa 'yan gudun hijira abinci a takiya, wato wurin girkin sadaka na unguwa. Sau uku tana roƙona in riƙe musu littafin sunaye da lissafin kuɗi tunda ni malami ne, sau uku ina kawo uzuri. Gaskiya zuciyata ce ta mutu. Soja, farar hula, 'yan tawaye, har namu na gida, duk kanwar ja ce. Yaran da muka raba ruwa tare, wasu suna kabari, wasu suna Masar. Tukunyar adas, ɗan ƙaramin waken nan da ake dafawa, ba za ta tsayar da yaƙi ba, sai ma ta sauke wa masu mulki nauyin da ke kansu. Na yanke shawara in rufe ƙofata, in yi addu'a, in ciyar da iyalina, in jira Ubangiji. Matata ta ce wannan ba bangaskiya ba ce. Mama, zunubi nake yi?*

Ɗana, sannu da wahala, sannu da hanya. Ka gaida mini uwargidanka da jikokina uku. Gudu biyu cikin shekara ɗaya da yara a hannu ba wasa ba ne. Ni daga nesa nake rubuto maka, ba ƙarar bindiga a kunnena, ba layin abinci a ƙofata. Ka sa wannan a ranka sannan ka auna maganata, domin akwai inda zan ba ka gaskiya, akwai kuma inda zan yi maka faɗa irin na uwa.

Wa zai ga abin da ka gani bai karaya ba? A Disambar 2018 burodin fam ɗaya ya koma fam uku, Atbara ta tashi, ƙasa ta bi bayanta. Ranar 6 ga Afrilu aka zauna a ƙofar hedikwata, ranar 11 mulkin da ya kusa cika shekara 30 ya kife. Ba a rufa wata biyu ba, ranar 3 ga Yuni, a ƙarshen azumi, aka buɗe wa yaran nan wuta. Likitoci suka ƙirga gawa sama da 100, wasu daga kogin Nilu aka tsamo su. Duk da haka mutane suka ɗaure zuciya suka karɓi gwamnatin riƙon ƙwarya ta Firayim Minista Hamdok. Ku masu bi kun sami abin murna na musamman, Kirsimetin 2019 aka ba da hutu a hukumance, a Yulin 2020 aka soke hukuncin ridda. Na san yadda wannan ya sanyaya ran mutanen da suka taɓa tsayawa suna kallo ana rushe majami'u a gefen Khartum. Sai ga 25 ga Oktoba 2021, Burhan shugaban soja da Hemedti jagoran rundunar Da'ama (RSF) suka haɗa kai suka naɗe tabarmar farar hula. Ranar 15 ga Afrilu 2023 kuma suka juya wa juna bindiga, talakawa a tsakiya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Saboda haka ba zan ce ka koma ka sa rai da su ba. Littafi Mai Tsarki ma bai ce ba. Zabura ta 146 ta riga ka: kada a dogara ga sarakuna, ɗan adam ne, ba ceto a hannunsa, ranar da numfashinsa ya fita duk shirinsa ya watse. Ni ma na sha wannan ruwan. Ranar 12 ga Yunin 1993 na tsaya cikin rana da goyo a baya na bi layin zaɓe, aka zo aka soke shi kamar ba a yi ba. Na yi shekaru ina cewa ba ruwana da kowa, kuma a cikin shekarun nan akwai maƙwabciyar da ta kwanta ciwo ban leƙa ta ba sai ranar gaisuwar mutuwa. Ba sojojin da suka soke zaɓe ne suka hana ni leƙa ta ba. Har yau abin yana ci mini rai, shi ya sa wasiƙarka ta tsaya mini a wuya.

Amma ka ƙarasa karanta zaburar nan, kada ka tsaya a rabi. Bayan ta gama da sarakuna sai ta ce Ubangiji yana ba mayunwata abinci, yana tsare baƙi, yana tallafar marayu da gwauraye. To da hannun wa? A Gadarif, a unguwarku, da sassafen gobe, da hannun wa zai ba su?

Ga abin da na gani a wasiƙarka. Ruwan da ka riƙa kaiwa a 2019, ka ɗaure shi da wani fata, wato in mun sha wahala yau, gobe za a sami mulkin farar hula mai adalci. Da fatan ya tsinke sai ka ga kamar ruwan ma ya zube a ƙasa. Bai zube ba, ɗana. Ya shiga maƙogwaron wani yaro mai ƙishi a rana mai zafi ya kashe masa ƙishin, kuma babu juyin mulkin da zai koma baya ya ƙwace shi. In yaron nan yana cikin waɗanda suka mutu ranar 3 ga Yuni, to a kwanakinsa na ƙarshe wani baƙo daga Najeriya ya shayar da shi. Yesu ya ce ko ƙoƙon ruwan sanyi ba zai rasa lada ba, bai kuma gindaya sharaɗin sai gwamnati ta gyaru ba. Kai ne ka ƙara sharaɗin. Yanzu janar-janar sun ci amanarka, amma wadda take biyan bashin ita ce matar da ke tsaye da kwano a ƙofar takiya. Haushin kaza ke nan, huce kan dami.

Bari in kai ka wurin wani mutum da ba a cika wa'azi a kansa ba, a Irmiya sura 38. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, abinci yana ƙarewa a gari. Fadawa suka je wurin Sarki Zadakiya suka ce a kashe Irmiya, wai maganarsa tana karya zuciyar mayaƙa. Ka san amsar sarki? Ya ce ga shi nan a hannunku, ba abin da zan iya yi muku. Sarki guda! Suka zura annabin Allah cikin rijiyar da ba ruwa sai laka, ya nutse a ciki. Firistoci suna gari, manyan Yahuda suna gari, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Wanda ya motsa baran fada ne, baƙo, ana kiransa Ebed-melek, ma'anar sunan kawai "bawan sarki". Wasu juyin sun ce Bahabashe ne, amma kalmar asali Kush ce, ƙasar bakin Nilu da ke kudu da Masar, mai Nafata kusa da Karima ta yau, mai dalar Meroe a arewa da Shandi. Ƙasar da kake zaune a cikinta ke nan. Mutumin ya fi ka sanin lalacewar masu mulki, a cikinsu yake kwana yake tashi. Ya san garin faɗuwa zai yi. Duk da haka ya tafi ya sami sarki a Ƙofar Biliyaminu ya ce masa mutanen nan sun yi mugunta, annabin zai mutu da yunwa a can. Sarki ya ce ya ɗebi mutane ya je ya fito da shi.

Nan ne wurin da nake so ka dakata. Bai nufi rijiya kai tsaye ba. Ya fara biyawa wani ɗaki a fada ya tattaro tsummoki da tsofaffin riguna, ya zura wa Irmiya su da igiya, ya ce ya sa su a hammata kafin ya ɗaura igiyar. Gari yana cin wuta, ana jiran mutuwa, amma mutumin nan yana tunanin kada igiya ta yanke fatar wani dattijo da yunwa ta rame. Duk lokacin da na karanta wurin nan sai idona ya ciko.

Ebed-melek bai tsayar da yaƙi ba. Urushalima ta faɗi, an yanka 'ya'yan Zadakiya a gabansa, an ƙwaƙule masa idanu. In da lissafinka za a bi, igiyarsa aikin banza ce. Amma a ƙarshen sura 39 Allah ya aika masa da saƙo shi kaɗai, da sunansa, cewa zai tsirar da shi domin ya dogara gare shi. Ka lura da kalmar. Ba a ba mu labarin addu'arsa ko azuminsa ba, abin da aka nuna mana igiya ce da tsummoki, shi kuma Allah ya kira dogara. Uwargidanka ta fi ka karanta wannan wurin, ko da ba ta taɓa buɗe shi ba.

Ka ce tukunyar adas tana sauke wa masu mulki nauyi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin ciyar da jama'a da tsaron ransu hakkin hukuma ne, takiya kuma ba za ta zama asibiti ko kotu ba. Amma an riga an gwada abin da kake faɗa. A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta, ɗaruruwan takaya sun kashe wuta a faɗin ƙasar. Wane janar ne nauyi ya dame shi ya zo ya ɗora tukunya? A Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin Zamzam kusa da Fashir, bindiga ba ta yi shiru ko na yini ɗaya saboda haka ba. Mai riƙe da makami ba ya jin yunwar talaka a cikinsa. In ka janye hannu, ba Burhan ka matsa wa ba, ba Hemedti ba, yaron da ke bin uwarsa da kwano ka matsa wa.

Kuma yaran da kake cewa sadaukarwarsu ta tafi a iska, ka duba da kyau. Ɗakunan agajin gaggawa da suka riƙe unguwanni tun farkon yaƙi, daga kwamitocin gwagwarmaya na unguwa suka fito, waɗanda suka shirya zanga-zangar 2019. Da yawansu su ne yau suke hura wuta, suke jan ruwa, suke nemo magani. Mutanen Sudan suna kiran wannan nafir, mu gayya muke cewa. Ka taso a inda ake gayyar noma, ka san ba a tambayar wa ke sarautar gari kafin a ɗauki fartanya.

Sai Hajiya. In ana maganar wanda siyasa ta ci amanarsa, ina jin ta riga ka a layi. A Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Bulu Nayil kan batun ƙasa da neman sarautar gargajiya ga Hausawa, aka kashe sama da mutum 100, a Oktoba aka sake zubar da jini a Wad al-Mahi, dubbai suka bar gidajensu. Mutanen da kakanninsu suka zo ta hanyar Hajji, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo Mai Wurno, aka wayi gari ana ce musu baƙi. Matar nan ta baro gidanta a Rusairis, ta iso Gadarif, ta ɗora tukunya. Sannan ta dubi ɗan hayarta, Kirista, ɗan wata ƙasa, ta ce shi take so ya riƙe kuɗin. Ka san nauyin wannan kuwa? A lokacin da kowa yake zargin kowa, ta ɗauki amana ta miƙa maka. Dattijuwa ta roƙe ka sau uku. A tarbiyyar da aka yi mana, na farkon ma ya isa.

Yanzu tambayarka, ko zunubi kake yi. Gajiya ba zunubi ba ce, baƙin ciki ma haka. Iliya ya kwanta a ƙarƙashin itace ya roƙi mutuwa, Allah bai tsawata masa ba, ya ba shi abinci ya bar shi ya yi barci, sau biyu, sannan ya tashe shi ya mayar da shi aiki. Ciyar da iyalinka kuma wajibi ne, Bulus ya gaya wa Timoti wanda bai kula da gidansa ba ya musunci bangaskiya. Har nan ba ka da laifi. Amma Yaƙub 4:17 ba ta bar mana wurin ɓuya ba: wanda ya san abin kirki da ya kamata ya yi bai yi ba, zunubi ne a gare shi. Kai ka sani. An nuna maka aikin, a cikin gidan da kake kwana, daidai da ilmin da Allah ya ba ka. Kuma uzurin nan uku, da bakinka ka ce ba su ne gaskiyar ba. To, ɗana, in ka ci gaba a haka, eh, zunubi ne. Na faɗa maka ne domin ka tambaye ni tsakani da Allah.

Kada ka raina littafin. Kuɗin takiya yawanci daga 'yan'uwa na waje yake zuwa, ana turowa ta Bankak, manhajar banki ta waya, daga Saudiyya da sauran ƙasashe, mai turowa kuma yana gajiya in ba ya ganin inda kuɗinsa ya shiga. Tsegumi ya fi rashin gawayi saurin kashe takiya. Rana ɗaya wani zai ce Hajiya tana cin kuɗin marayu, in babu rubutu ba ta da abin kare kanta. Rubutunka ne zai rufa mata asiri. Ka rubuta abin da ya shigo da ranar da ya shigo, buhun adas nawa, dawa nawa, mai da gawayi nawa, baki nawa aka ciyar. Duk mako a karanta a gaban mutum biyu ko uku na unguwa su sa hannu. Kada kuɗin ya kwana a asusunka, kai mai rubutu ne, ajiya ta zauna a hannun wani. Littafin kuma zai nuna maka abin da mai rabon abinci ba zai gani ba, wato gidan da ya yi kwana biyu bai aiko da kwano ba. A garin da kwalara ta yi ɓarna a 2024, wannan kaɗai zai iya ceton rai in an aika yaro ya leƙa.

Ga kuma naka tsummokin. Sunayen mutane a lokacin yaƙi abu ne mai haɗari. An kama masu aikin sa kai, an kashe wasu, kowane ɓangare yana zarginsu da yi wa ɗayan aiki. Saboda haka kada ka rubuta ƙabila, kada ka rubuta garin da mutum ya fito ko lambar wayarsa. Ba kowane gida lamba, ka rubuta yawan bakin da ke cikinsa, ya wadatar. Kada a ɗauki hoton fuskar mai karɓar abinci a sa a Facebook don a burge masu bayarwa. Wanda jiya yake da shago a Umdurman, yau yana layi, kunyar da yake ji ta ishe shi. Kai kanka baƙo ne, ka tabbata takardunka suna kan ƙa'ida gwargwadon iko, mai unguwa ya san da kai da abin da kake yi, bakinka kuma ya fita daga zancen soja da Da'ama a wurin rabo.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai da ƙarfi. Kada ka mai da kwanon abinci ƙugiyar wa'azi. Hajiya ba don wannan ta kira ka ba, mai yunwa kuma ba ya cikin halin da zai ce a'a. In wani ya tambaye ka dalilin da ya sa kake yi, ka amsa da gaskiya da ladabi. In ba a tambaya ba, lissafi mai tsabta ya isa shaida.

Ban ce ka ba da dukan kwanakinka ba. Safiya biyu ko uku a mako, sauran ka nemi abin da za ku ci. Bulus ya ce wa Galatiyawa mu yi wa kowa alheri gwargwadon zarafin da muka samu, bai ce gwargwadon girman masifar ba. Addu'ar da ka ce za ka yi, ka yi ta, har da ta masu mulkin da ba ka son jin sunansu, domin an umarce mu, kuma waɗanda aka fara ba umarnin a ƙarƙashin sarakunan Roma suke. Ban kuma ce zuciyarka za ta farfaɗo ranar farko ba. Mai yiwuwa ka yi wata guda kana jan layi a takarda ba ka jin komai. Ka ci gaba da ja.

Daren yau ka zauna da uwargidanka ka ce mata ta yi gaskiya. Ita ma ta bar gida sau biyu, danginta kuma sun san yaƙi a Dutsen Nuba tun kafin ka zo ƙasar, ga shi tana ɗauke da kai a kan nata nauyin. Ku karanta Irmiya 38 tare da yaran, ka bar babban ya karanta wurin tsummokin. Ranar Lahadi ku nemi inda masu bi suke taruwa ku yi sujada da jama'a, zaman ɗaki kai kaɗai yana ƙara maka ciwon.

Da safe ka sayi littafin rubutu mai kauri da biro biyu. Ka je ka durƙusa ka gaida Hajiya, ka ce mata uzurin da ka riƙa kawowa ba su ne ba, zuciyarka ce ta yi nauyi, ta yafe maka. Za ta gane, ta san irin wannan nauyin. Sannan ka tambaye ta buhu nawa ya rage a ɗaki, ka fara daga nan. Bayan wata ɗaya ka rubuto mini, ina so in ji gida nawa ne a littafin, da kuma yadda jikokina suke.